Saukowa daga Dutsen Riruwai

Ni 'yar Yako ce, inda ƙasa take shimfiɗe kamar tabarma. Ban taɓa ganin abin da ya fi rimi tsawo ba sai daminar da aka kai ni wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, a Riruwai, tun Turawa suna haƙar kuza a can. Duwatsun sun jeru, wani a bayan wani, na kusa baƙi, na nesa shuɗi kamar an tsoma su a baba.

Wata rana bayan azahar Gwaggo ta aike ni in kwaso kuɓewar da ta shanya a gindin dutsen bayan gida. Na zuba a kwando, sai zuciyata ta ce in na hau kaɗan zan hango Yako. Hawan bai yi wuya ba. Da na kai inda na zaci ƙololuwa ce, sai na ga wata a samanta. Ban ga Yako ba. Hadari na gani ya haɗo daga gabas.

Na juya zan sauka, sai na ga nisan da na yi da ƙasa. Ɗakunan garin sun koma kamar ƙore a kife. Takalmina ɗaya ya suɓuce, ya yi ta gangarawa har na daina jin ƙararsa. Na durƙusa ina kuka, ina karanta duk surar da ta zo bakina.

"Ke 'yar malam! Aljanna kika hau nema?" Gwaggo ce tsaye wajen kwandon.

"Gwaggo, zan mutu!"

"Ba yau ba. Cire ɗayan takalmin. Zauna, ki taho da jan gindi."

Na hangi wani baƙin layi a jikin dutsen ya miƙe har ƙasa. A wurinmu abin da ya miƙe haka hanya ce, sai na nufe shi.

"Kar ki taɓa shi!" Muryarta ta sauya. "Nan ruwa yake bi, ya fi karkashi santsi. Bi wurin fari mai kaushi!"

Ɗigon farko ya sauka a wuyana. Na yi ta ja, tafin hannuna yana zafi, zanena yana yagewa, ban ƙara ɗaga kai ba har na ji Gwaggo ta damƙe ni.

Ruwa ya kece. Na waiwaya, baƙin layin nan ya zama rafi, yana zubowa fari fat da ƙugi. Gwaggo ma ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗora mini kwandon a ka.

"Mu je. Kuɓewata dai kin gama da ita."