Kukar da Zuma ta Tsare

Ƙanwata, autar ɗakinmu, ta yi shekaru tana lalube a gidan aurenta a Maigatari. Yanar ido ce ta rufe mata idanu duka biyu. Ta san muryar kowa, ta san inda randa take, sai ta ɗauka wannan ya ishe ta. 'Ya'yanta sun yi lallashi har sun gaji a kan ta yarda a yi mata aiki, ta ce ba wanda zai sa mata ƙarfe a ido. Ni ban iya lallashi ba. Da damina ta fara ja da baya na shiga mota daga Gumel, na same ta tana ɓarar gyaɗa, na ce ta ɗaure kayanta.

Tun tana yarinya ba ta iya yi mini musu kai-tsaye, sai dai ta kewaya. Ta ce ido ɗaya za ta bayar, ɗayan ta ajiye ko da za a ɓata wancan. Na tambaye ta me take ajiya a idon da ba ya gani. Sai ta kawo sharaɗi. In an buɗe mata, in kai ta ta ga kuka ta yi rawaya, kamar yadda muke gani muna yara in mun kai abinci gona da kaka. In ta gani, za ta koma a yi ɗayan. In ba ta gani ba, kada kowa ya sake yi mata zancen asibiti.

Na yarda, don na ɗauka abu ne mai sauƙi. Lokacin ma na san shi. Sai ruwa ya ɗauke, an yanke gero an ɗaure dami, dawa ta sunkuya, wake ya fara bushewa. A nan ganyen kuka da na danya ke juyawa ruwan ɗorawa, kalgo ya yi ja-ja. Abin ba ya daɗewa. Da sanyi ya leƙo, iska ta kakkaɓe su, sai rassa.

Aka yi aikin a Gumel, ta yi jinya a ɗakina. Ranar da aka cire bandeji ta daɗe tana kallona, ta ce, "Yaya, ashe haka kika tsufa." Na ce mata ta jira a ba ta madubi.

Da likita ya ce tana iya fita in ta sa baƙin gilashi, na yi mana shatar wata tsohuwar motar haya. Direban ɗan maƙwabciyata ne, magidanci mai yawan surutu. Na ce ya bi hanyar Gagarawa, inda na san kukoki a jere tun zamanin da ake kai ni biki a ƙasa.

Kukokin suna nan, amma tsirara. An riga mu. Da can itatuwa sun fi bakuna yawa, kowa ya ɗebi na miyarsa ya bar saura ya tsufa a sama. Yanzu da ruwa ya tsaya maza ke hawa da gatari su sassaro rassa, mata su tsige ganyen tun yana kore, don wanda ya yi rawaya ba ya miya. A shanya a inuwa, a daka, a cika buhuna a kai kasuwar Maigatari. Ni ma kukar da nake kaɗawa daga nan take fitowa, ban taɓa tambayar inda aka samo ta ba.

Muka wuce Gagarawa Tasha, ko ganye ɗaya babu. Direba ya nuna mata wata danya da ta yi rawaya sosai a bakin hanya, ya ce ai Inna ga shi nan, duk ɗaya ne. Ta ce masa ita kuka ta ce, kuma ido ne ya yi mata ciwo, ba hankali ba. Sannan ta gyara zama, ta ce mu koma gida kawai, ɗaya ma ya ishe ta, Allah ya saka da alheri. Na ga daɗi take ji, ta sami hanyar kuɓuta.

Ina ta lissafin wace kuka ce mutum ba zai hau ba. Sai na tuna wadda ke bayan ƙauyenmu a ƙasar Sule Tankarkar, kusa da gonar mahaifinmu. Zuma ta zauna a kogonta tun kafin a haife mu, kuma mai faɗa ce. Babanmu ya sha hana mu bi ta ƙarƙashinta. Ban sani ba ko zumar na nan, ko itacen ma yana tsaye. Na ce direba ya juya. Ya fara zancen yashi da taya, na dube shi, ya juya.

Motar ta ƙi hawa jigawar, muka sauka muka taka. Na riƙe mata hannu don sabo, ta fizge, ta ce ai tana ganin gabanta. La'asar ta yi sanyi lokacin da muka kai saman tudun.

Kukar tana nan. Tun daga ƙasa har sama ganye ne, rawaya kamar an zuba mata garin ɗorawa, rana ta bayanta tana ratsa shi. Ƙarƙashinta duk ya rufe da wanda ya zuba. Daga inda muke muna jin gunjin zumar. A gefe kuma gawo ya fara fitar da sabon ganye, shi da yake tsayawa fayau duk damina.

Ƙanwata ta ɗaga gilashin kaɗan, na buge mata hannu, ta mayar. Ta daɗe tana kallon kukar. Can ta rufe idon da aka yi wa aiki da tafinta, ta buɗe, ta sake rufewa.

"Wannan ɗayan zalunci nake masa," in ji ta. "Yaushe suka ce a koma?"

Na ce bayan sanyi. Ta ce to, amma a ɗakina za ta sake kwanciya, kuma in rage gishiri a miya.

An yi na biyun, ya yi kyau. Yanzu duk kaka, da na ga an fara shigo da damin gero Gumel a kan amalanke, sai in aika mata Maigatari ta zo mu je ganin kukar. Wanda ke son gani ya bar bakin titi, ya nemi kukar da ake tsoro, ya je da la'asar, ya tsaya nesa. Bara ita ce ta fara hango ta, ta kuma tsaya jirana a kan tudun tana ce mini in yi sauri.