Anti Almakashi da Lungun Ƙarƙashin Bene

Duk wanda ya taɓa aiki a wannan ofis ya san ba a samun Anti Almakashi a kan kujerarta da safe. Za ta shigo, ta gaisa da kowa, ta ajiye jaka, ta kunna kwamfuta, amma ba za ta zauna ba. Sai ta jawo aljihun tebur na ƙasa, wanda sai an ɗan ɗaga shi yake buɗuwa, ta tsaya tana kallon abin da ke ciki kamar mai zaɓen zanen fita unguwa. Tsofaffin wayoyi ne kwance a kan tawul. Akwai mai tsagaggen gilashi, akwai wadda aka ɗaure murfinta da roba, akwai wata 'yar mitsitsiya da za ka rantse ta wasan yara ce. Ta ɗauki ɗaya, ta sauka ƙasa, ta shige lungun da ke ƙarƙashin bene inda ake jingine tsintsiya da bokiti, ta zauna a kan wani tsohon gwangwanin fenti da aka kife.

Sabon ma'aikaci yakan yi kwanaki yana tambayar kansa abin da dattijuwa irin wannan take nema a wurin tsintsiya. Wasu sun ɗauka wayar sirri take zuwa amsawa. Wasu har tausayinta suka ji, wai ƙila kuka take ɓuya ta yi. Maganar ba ta kai can ba. A duk ginin, nan ne sabis ya fi rauni. Sana'arta kuwa ita ce gyara fuskar shafukan intanet, wato abin da idonka ke gani da abin da yatsanka ke taɓawa: girman rubutu, launi, inda maɓalli zai zauna, yadda shafi zai tsuke kansa ya shiga ƙaramar waya. Ba ta yarda an gama shafi sai ya buɗe a tsohuwar waya, a wannan lungun, kafin haƙurinta ya ƙare. Anti kuwa, a gaskiya, ba ta da dogon haƙuri.

A watan jiya ta ajiye aiki, bayan shekaru masu yawa. Ba gajiya ce ta sa ba, idanunta ne suka fara dusashewa. Kuma abin da ta fi tsoro ba zaman gida ba ne. Tsoronta shi ne ranar da za ta miƙa wa wani wayarta ta ce, “Karanta min.”

Sunan Almakashi abokin aikinta ne ya laƙaba mata, wani magidanci da ake kira Ɗan Gayu, mutumin da turarensa ke riga shi shiga ofis. Gwani ne na gaske, ba a ɗauke masa wannan ba. In ya zana shafi sai ka ji kamar ka rataye shi a falo. Amma duk abin da ya zana sai ya bi ta teburin Anti, kuma ba ya dawowa yadda ya tafi.

“Anti, don Allah wannan hoton kaɗai ki bar min,” ya ce mata wata rana.

“Me yake faɗa wa wanda ya buɗe shafin?”

“Ai kin ga yana da kyau.”

“Na gani, ƙanena. Kyau kam ba a magana. Me yake faɗa?”

Ta cire hoton. In kuwa ya iya amsa tambayar, takan bar shi, sai dai ta matse shi har ya yi sauƙin ɗauka. Bidiyon da ke kunna kansa ba tare da an neme shi ba, wannan ko tambaya ba ta yi. Haruffan ado da sai waya ta sauko da su daga nesa, sai ta ce waɗanda ke cikin wayar mutum me suka yi? Abin da za a iya zanawa da 'yan layukan umarni, waɗanda 'yan sana'ar ke kira CSS, ba ta yarda a ɗora masa hoto. Haka suka yi shekaru, shi yana ƙarawa ita tana ragewa, suna faɗa da safe su sha shayi tare da rana.

Abin da ya kai ta ga wannan hali son sanin ƙwaƙwaf ne. Mace ce da ba ta iya ganin abu ta wuce. A motar haya takan leƙa ta ga da wane yatsa maƙwabciyarta ke danna waya, har wata ta taɓa ɓoye jakarta. Mai gyaran waya da ke tsallaken titi, wanda a wurinsa take samo tsofaffin wayoyinta, ya ce ta taɓa tsayawa a gaban kwalin da yake zuba waɗanda aka yar, ta tambaye shi me ya kashe su.

“Na ce mata, Hajiya, rabinsu lafiyarsu ƙalau. Masu su ne suka gaji. Su buɗe abu ya yi ta juyawa, wayar ta yi zafi, caji ya zube, sai su ce ta tsufa. Sai ta ce min, to ashe ba tsufa suka yi ba, kaya muka yi musu yawa.”

Tun daga ranar ta shiga bin diddigin inda nauyin shafi ke zuwa. Ta gano cewa kowane hoto da aka buɗe, akwai manyan kwamfutoci a wani ɗaki mai nisa da suka sha wuta kafin su turo shi, da injinan da ke sanyaya su, da turakun sabis da ya bi ta kansu, sannan batirin mai waya. Takan ce shafi ɗaya ba komai ba ne, amma a tuna mutum nawa ke buɗe shi a yini. Ba ta taɓa hawa mumbari kan kare muhalli ba. Ita dai ta ƙi ta zama sanadin da lafiyayyiyar waya za ta koma bola.

Aikin da ta fi ƙauna shi ne shafin wani asibitin ido, inda marasa lafiya ke zaɓar ranar ganin likita. Kafin ta rubuta layi ɗaya sai da ta je ta zauna a ɗakin jira. Wata ma'aikaciyar jinya da ke can har yanzu tana tuna ta. Ta ce sun ɗauka majinyaciya ce da ta rasa katinta, ashe kallon mutane ta zo yi. Ta ga waɗanda aka ɗiga wa magani a ido suna kai waya har bakin hanci. Ta ga wani dattijo ya miƙa wa baƙon da ke gefensa waya ya karanta masa, ya sunkuyar da kai kamar wanda ya yi laifi. Wannan sunkuyawar ce ta tsaya mata a rai.

Da ta koma ofis sai ta samo tsohon tabarau, ta shafe gilasansa da man shafawa, ta sa, ta sauka lungunta. Da wannan hazo-hazon ta gwada kowane layi. Ta ƙi yanke wa haruffa girma, ta bar su su bi abin da mai waya ya zaɓa wa kansa, in ya ƙara su ƙaru ba tare da sun hau kan juna ba. Ta sa baƙin rubutu a kan farin fili. Ta yi maɓallan manya, ta sauko da su inda babban yatsa ke kaiwa. Ɗan Gayu ya duba ya ce shafin ya yi kama da allon makaranta. Ta ce masa ai allon makaranta daga bayan aji ma ana karanta shi.

Shi ne kuma ya fara lura da idanunta. Ya ga kullum tana ƙara matsowa kusa da kwamfuta. Ya ga ta daina sa tabarau mai man shafawa in za ta yi gwaji. Haka aka tafi har ranar da ta shiga wurin manaja ta faɗa masa da bakinta.

Sai ga shi a makon da za ta tafi, asibitin idon ya aiko yana son a sabunta shafinsa, ya yi zamani. Manaja ya ba Ɗan Gayu aikin. Kowa ya zuba ido ya ji irin gargaɗin da za ta bar masa, tunda ita kanta yanzu a wannan asibitin take ganin likita. Ba ta roƙe shi komai ba. Girman kai ne ko amincewa, Allah kaɗai ya sani. Da ta ɗauki jakarta, sai ta nuna teburin ta ce, “Aljihun nan sai an ɗaga shi yake buɗuwa.” Ta fita.

Da lokacin komawarta asibiti ya matso, an riga an ɗora sabon shafin. Tana zaune a falo kusa da taga, da hantsi, waya a hannu, ta kasa dannawa. Autarta ta fito daga kicin tana goge hannu.

“Mama, kawo in yi miki mana. Minti nawa ne?”

“Bari tukuna.”

“An ce fa sun canja shi gaba ɗaya.”

“Na ce bari tukuna.”

Ta danna. Kafin ta gyara zaman tabarau shafin ya buɗe. Ba nata ba ne, wannan kam ta gane nan take. Akwai wani shuɗi mai sanyi a sama, da wani siririn zane mai lanƙwasa da ita ba za ta taɓa tunaninsa ba. Amma haruffan sun taso manya-manya, daidai yadda ta saita wayarta, babu wanda ya taka ɗan'uwansa. Maɓallin yana nan ƙarƙashin yatsanta. Ta karanta ranakun ɗaya bayan ɗaya, a bayyane, ta zaɓi wadda ta yi mata. Autar tana tsaye da hannu a miƙe, har ta gaji ta sauke shi. Anti ta ji wani daɗi ya cika mata ƙirji, da kuma kunyar zargin da ta yi kwanaki tana yi wa Ɗan Gayu a zuci.

Ta kira shi.

“Zanen nan na sama, hoto ne?”

“Layi ne, Anti. Ba hoto ko ɗaya.”

“A ina ka gwada?”

Ya yi dariya. “Ki dai tambayi farin wandona. Gwangwanin nan naki ya gama da shi.”

Anti Almakashi, ke ce wadda aikinta ba ya ganuwa sai in babu shi. Ke ce kika yi shekaru kina tunanin mutanen da ba su san fuskarki ba, masu tsofaffin wayoyi da raunanan idanu, har Allah ya sa kika shiga sahunsu kika tarar kin share wa kanki wuri. Mun gode da kowane hoto da kika cire, mun gode da tambayar nan taki mai ban haushi. Allah ya ƙara lafiya, ya haskaka idanun.

Ku kuma masu tasowa a wannan sana'a, da manyan kwamfutoci da sabis mai gudu, ku nemi lungun da ya fi rauni a gininku, ku riƙa sauka da tsohuwar waya kafin ku ce kun gama. A ofishin su Anti gwangwanin yana nan, sai dai yanzu an shimfiɗa masa kwali saboda masu fararen kaya.

Ranar ganin likita, ma'aikaciyar jinya ta tambaye ta, kamar yadda take tambayar duk mai irin lalurarta, wa ya cike mata neman ranar a shafin asibitin. Anti ta ɗaga kai ta ce, “Ni ce.”