Inda Inna Take Kallo

Ni ne ɗan farin Inna, kuma har na yi gemu ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta yi maganata sai ta ce "na Parakou". In na durƙusa gaishe ta, tabarma take kallo tana amsawa. Haka uwa take yi da ɗan fari a gidanmu na Djougou, tun zamanin kakanninmu fataken goro, kuma abin bai taɓa damuna ba sai da na sayi sabuwar kyamara.

Lokacin ina ɗaukar hotunan biki da suna a unguwar Banikanni ta Parakou. Wani mai shago kusa da kasuwar Arzeke ya kawo mini kyamarar daga Cotonou, baƙa wuluk, da dogon baki kamar taɓarya. Kuɗinta zai sayi babur. Na rataya ta a wuya na hau zem, wato babur na haya, ina jin duk Parakou ni take kallo. Abin da na sa a raina shi ne in samu hoton fuskar Inna tana dubana. Ba mu da hotonta sai na katin ɗan ƙasa, wanda ta fito a ciki kamar an yi mata fashi, ga shi kuma tsufa ya fara kama ta.

Da ƙaramar Sallah na tafi gida. Na kafa kyamara a kan ƙafafunta uku a tsakar gida, yara suka kewaye ni, matan gida suka bar girki. Na yi ta cika baki cewa wannan ko ƙuda ne ya gifta sai ta ƙirga gashin ƙafarsa. Autarmu tana zaune a bakin rijiya da wayarta mai fasasshen gilashi, ta ce, "To Yaya, ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Inna ta fito da zanenta na Sallah ta zauna. Na leƙa ta cikin kyamara. Haske ya yi, launin zanen ya fito, amma idonta yana ƙasa. Na ce ta ɗago. Ta ɗago ta kalli bishiyar mangwaro. Na matsa gefen mangwaron, ta koma kallon murhu. Na ɗauka, na sake ɗauka, gumi yana bin bayana, mata sun fara ƙunshe dariya a mayafi. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Ban san sa'ad da na ɗaga murya ba.

"Haba Inna! Ki dube ni mana, mi na yi miki?"

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta aje ludayi ta ce, "Kai, birni ya ci hankalinka? Ɗan fari ka cewa uwatai ta dube shi cikin ido gaban mutane?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na juya musu baya na hau kwance ƙafafun kyamarar, ina ta murɗa abin da ba ya buƙatar murɗawa, don dai kada in haɗa ido da kowa.

Na koma Parakou da hotuna masu kyau na mayafi, da goshi, da kunne ɗaya. Kowane zare na zanen ana ganinsa. Ban wanke ko ɗaya ba.

Bayan 'yan kwanaki auta ta turo mini wani hoto ta waya. Ya ɗan yi duhu, ya karkace, har da gefen yatsanta a kusurwa. Amma ga Inna nan, fuska a buɗe, mayafi ya zame, tana murmushin da ban taɓa gani ba. Idonta yana kan wani abu a gefe. Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na kira auta na ce ta gaya mini dabarar da ta yi, da kuma abin da ta nuna wa Inna har ta saki fuska haka.

Ta yi dariya ta ce, "Wace dabara, Yaya? Portabul ɗina ko filashi ba ya yi. Ban nuna mata komi ba. Sa'ad da ka juya baya kana fama da ƙafafun aparai ɗinka ne. Kai take kallo."

Na sake buɗe hoton na duba. Ta ce, "Kullum haka take yi in ka juya. Duk gidan an sani, kai kaɗai ne ba ka sani ba."

Hoton auta na kai aka wanke, aka sa a gilashi. Mai wankin ya ce hoton ba shi da kyau, ƙwararre irina bai kamata ya rataye irinsa a shago ba. Na ce masa a ɗakina zan rataye, a bangon da nake ba wa baya in na zauna aiki.