Warin Berni a Banikanni

Shekarar da na haifi 'yata ta biyu, ƙasar ana ce mata Dahome tukuna, muna zaune a Banikanni cikin Paraku. Tagar ɗakina tana kallon rumfar wani dattijon kafinta, shi ne kuma ladanin unguwar. Ana gab da Babbar Sallah, aiki ya yi masa yawa. Daga hantsi zuwa la'asar sai shafa fenti da berni, man da ke sa katako sheƙi.

Yarinyar ta fara tari tun kafin suna. Idan ta ja numfashi sai ka ji ƙirjinta yana 'yar ƙara. Matan gidan suka ce sanyi ne, na rufe taga. Warin bai daina shigowa ta ƙarƙashin kwano ba, ni kuwa kunya nake ji masu barka su tarar da ɗakin maijego yana wari, sai na riƙa ƙara turaren wuta. Garwashi biyu nake sawa. Allah ya yafe mini, da karatuna na kwaleji ban gane ba.

Da muka yi arba'in na kai ta garinmu Jugu, dangi su gan ta. Kwana uku, tari ya ɗauke. Innata ta buɗe ƙunshin kayan goyo, ta shinshina, ta ɗago kai.

"Ke, jika kika kawo mini ko kabad?"

Ta wanke su sau biyu, ta ce in koma in yi wa kafintan magana.

Maigidana ya ce ba zai iya haɗa ido da mai kiran salla a kan wannan ba. Sai na yafa mayafi na goya ta na tafi. Na durƙusa na gaishe da dattijon. Kafin in faɗi abin da ya kawo ni, yarinyar ta yi tarin a bayana.

"Tun yaushe, 'yata?"

Na faɗa masa. Ya yi salati. Ya ce shi nono yake sha kullum don ya wanke masa ƙirji, bai taɓa tunanin iska tana tsallake katanga ba.

Washegari aka tura gwangwanayen fenti da berni a amalanke zuwa wani fili can bayan gari. Sassaƙa kawai ya bari a rumfar. Cikin makon nan ina tankaɗe a tsakar gida yarinyar ta tsandara kuka, mai ƙarfi, ba tari ba ƙarar ƙirji, har maƙwabta suka leƙo. Na tsaya da rariya a hannu ina saurare, sai da aka ce mini, "Maijego, ɗauke ta mana."