Gilashin Waldar da Na Miƙa wa Malam Haruna

Shekara tara ke nan da muka kai Malam Haruna mai gyaran rediyo makwancinsa a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, kuma har yau akwai maganar da na kasa faɗa wa iyalinsa. Ni ne Usta Sale mai walda, rumfata tana jikin tasa a kasuwa fiye da shekara ashirin. Ni na ba shi gilashin da ya ci idonsa na dama.

Duk wanda ya san Haruna ya san shi da rana. Ya lura wani lokaci da tsakar rana tashoshin gajeren zango sukan ɗauke ɗif, a taho masa da rediyo wai ta lalace, ya buɗe ya tarar lafiyarta lau. Ya dinga karance-karance har ya gano rana ce take fesar wuta, ta dagula sararin sama. Daga nan kullum da hantsi sai ya kafa madubin hangen nesa a bakin rumfa, ya tara farar takarda a bayansa, hoton rana ya sauka a kai, ya zana baƙaƙen ɗigon da ke fuskarta a littafi. Muna shan jabana, kofin garin nan, muna tsokanarsa: "Ya Malam, yau ƙuraje nawa suka fito mata?" Sai ya ce, "Ku yi ta dariya, jibi za ku rasa labarai." Wata rana ya dace, wata rana mu sha shi da ba'a har la'asar.

Abin ya faru lokacin yankan riɗi, rumfata maƙil da ƙarafan manoman yankin Simsim, kowa na cewa nasa za a fara. Rediyoyin Haruna suka yi tsit gaba ɗaya. Ya faɗo mini yana haki, wai yau takarda ba za ta ishe shi ba, ido da ido yake so, in ara masa gilashin walda. Gilashina mai duhun sosai yana a fuskata, ina tsakiyar aiki. Na waiga na ga koren nan na waldar gas, wanda ko rabin duhun bai kai ba. Wallahi na san bambancinsu kamar yadda na san 'ya'yana. Amma a kasuwarmu abin kunya ne usta, wato gwanin sana'a, ya ce wa maƙwabci babu, ko ya ce jira. Na miƙa masa na ce, "Ungo, kada ka daɗe." Ya ɗora shi a bakin madubin ya kafa ido.

Ban ji fashewar gilashin ba, salatinsa na ji.

Idon bai dawo ba. Haruna ya gaya wa kowa, har matarsa Hajja Asabe, cewa a bola ya tsinci gilashin, gangancinsa ne. Sau ɗaya na buɗe baki, ya katse ni: "Halas ya Sale, ya wuce, ni na kalla, ba kai ba." Bayan shekara huɗu, yana tsallaka titi zuwa sallar azahar, lorin dawa ya ɓullo ta damansa, bai gan shi ba, ya kaɗe shi. Ajali ne, na sani, ba mai wuce ranarsa. Amma na sha rufe idona na dama in gwada tsallaka titin nan, duk ranar da na gwada sai in buɗe idon tun ban kai tsakiya ba.

Yau da yana raye, ban san dariya zai yi ko takaici ba. Abin da ya ƙona ido don ya gani, ga shi a waya, rana jawur tana aman wuta, har a gaya maka guguwarta za ta iso jibi. Ina jin zai karɓi wayar ya jujjuya, ya ce a bari ya duba littafinsa tukuna. Kuma tun da yaƙi ya cika garin nan da baƙi, layin waya yana ɗaukewa, rediyon da aka raina aka koma nema. Da yana nan, da rumfarsa ba ta da masaka tsinke.

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na fake da wannan shekara goma sha uku. Sai makon jiya 'yarsa Zainabu, malamar makaranta ce yanzu, ta zo rumfata rungume da littattafansa. Ta kira ni baffa da Larabcin garin nan, ta ce, "Ya ammi, ɗalibaina nake so in nuna wa ɗigon rana. Ka ara mini gilashin walda, kai kaɗai Baba ya yarda da shi." Na daka mata tsawar da ban taɓa yi wa ɗan kowa ba. Ta fita tana share hawaye, ba ta san laifinta ba.

Me ya rage na Haruna? Littattafai cike da ɗigo, da 'ya mai ɗaga kai sama irin nasa, da rufin asirin da ya yi mini ban roƙa ba. Wannan na ƙarshen ya fi ƙarfina, ba zan iya kai shi kabari ba. Zainabu, ki tara takarda kamar yadda babanki ya saba, kada ki yarda da gilashin kowa. Gobe bayan la'asar zan zo gida in faɗa da bakina a gaban Hajja. In ta bar ni tsaye a ƙofa, hakkinta ne.

Allah ya jiƙan Haruna, ya haskaka kabarinsa.