Kakana Mai Tafiya Gaba

Jiya na ji ana ba da tarihin wata 'yar tankar yaƙin Jamusawa a rediyo. Wai sun daɗe suna sake mata fasali, su ƙara ƙarfe su rage, don ta leƙo sansanin abokan gaba ta komo da sauri. Mutum huɗu ke zama cikinta. Sai na tuna kakana.

Leƙen nan shi ne aikinsa a yaƙin Kamaru, lokacin da Turawa suka ɗebi samari daga ƙasar Gwandu. Amma shi da ƙafa ya yi nasa, ba ko takalmi.

Har ya tsufa bai yarda a jera da shi a hanya ba. In za mu gona daga Kalgo, sai ya rataya takalmansa a wuya ya ba mu rata, yana tsayawa yana shaƙar iska ko zai ji hayaƙi. Wata rana da damina na ruga na kama hannunsa. Tafin kamar ɓawon itace, yana warin taba.

"Koma baya, amarya," in ji shi. Haka yake tsokanata.

"Don mi, Kaka?"

"Wanda na jera da shi na ƙarshe, ni ɗai na komo."

Amma bai saki hannuna ba sai bakin fadama.

Yanzu duk waɗanda muke zuwa gonar nan da su sun bi shi lahira, ni kaɗai na rage. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sa can inda ya riga mu ya sami abokin jerawa.