Kilo Ɗari da Goma Sha Takwas a Kan Motar Taufiƙ

Shekara ashirin da biyu ke nan ina zaune gaban sikelin mayanka a Garwa, ina rubuta nauyin kowace saniya da aka feɗe, da sunan mai ita, da ranar da aka kawo ta. A duk shekarun nan abu ɗaya ne aka taɓa rataya mini a ƙugiya wanda ba nama ba, kuma Taufiƙ ne ya kawo shi.

Taufiƙ maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Babansa marigayi Idrisa mahauci ne, mutum mai kunya wanda bai taɓa musu da sikeli ba. Ya bar 'ya'ya uku: Dela ce babba, sai Hamadu mai kilishi, sai Taufiƙ auta. An sa autan makarantar boko, ya fita a aji huɗu, wai Faransanci ba ya sayar da sa. An ba shi wuƙa ya bi sawun ubansa, ya ce jini yana ɓata masa riga. A ƙarshe ya faɗa dillancin shanu a kasuwar Ngong, inda ya sami sana'ar da aka halicce shi dominta, wato tsayawa tsakanin mutum biyu masu aiki yana ta surutu.

Ba zan zalunce shi ba, ya san saniya. Yakan kama gindin wutsiya, ya dafa haƙarƙari, ya faɗi naman da za ta fitar. Na gwada maganarsa da littafina sau arba'in da ɗaya, bai taɓa kuskure fiye da kilo goma ba. Abin da ya lalata shi shi ne ya ɗauka duk duniya saniya ce. Rediyo, keken ɗinkin matarsa, har da agogon hannu, ɗagawa yake yi ya ji, wanda ya fi nauyi shi ne mai kyau. Akwai wata fanka a ɗakinsa da sai mutum biyu ke matsar da ita, tun da na san ta ba ta taɓa juyawa ba.

Bara ya sayi tsohuwar kat-kat fara, irin motocin nan masu shiga daji, daga hannun wasu masu aikin rijiyoyi da suka tashi. Sun cire ƙarfen ɗaukar kaya na saman rufin kafin su sayar, abin da mu a nan muke kira galeri, 'yan uwanmu na Najeriya kuma kariya. Wannan ya dami Taufiƙ ƙwarai. Duk kat-kat ɗin da ake gani da ƙima a Garwa tana da galeri, ko da babu abin da aka taɓa ɗora mata sai ƙura. Yakan tsaya ƙofar gida ya kalli rufin ya ce motarsa ta zama sa marar ƙaho.

Ana haka aka sa ranar auren Nasiha, 'yar Dela ta uku, da wani malamin makaranta a Dugoi, can Marwa. Dela mijinta ya rasu da daɗewa, da waina take riƙe gidanta. Cikin kayan ɗakin da ta tara wa yarinyar akwai kabad guda mai ƙofofin gilashi biyu da madubi a tsakiya. Shekara biyu yana tsaye a ɗakinta lulluɓe da zanin gado, ya cinye rabin wurin, ita tana kwana a ragowar. Ko jikokinta ba ta bari su jingina da shi. A wajenmu ranar jere matan dangin ango kabad suke fara dubawa kafin su dubi gado, kuma daga shi ake gane ko amarya tana da uwa. Dela ba ta da wani buri a bikin nan sai kabad ɗin ya shiga Dugoi lafiya.

Ta riga ta shirya da wani mai babbar mota da ke zuwa ɗauko albasa, zai kwantar da shi a kan katifu. Taufiƙ ya ji labari ya zo ya cika gidan da faɗa. Ya ce a ce kawun amarya yana da mota, sannan kayan 'yarsa su isa gidan miji suna warin albasa? Idan an yi haka an zage shi a gaban surukai. Dela ta tuna masa motar tasa ba ta da inda za a ɗora kaya. Ya ce kafin sati ya zagayo za ta gani. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, kuma ba ta taɓa iya hana shi komai ba. Ta sallami mai albasa.

Ranar Asabar tara ga wata ya roƙe ni in raka shi wajen Parfait mai walda, don in akwai takarda in karanta masa. Parfait ya zagaya motar, ya shafa bakin rufin inda ruwan sama ke bi, sannan ya fito da galeri na alminiyam mai ƙafa shida, wanda ya ciro daga wata mota irinta. Ya ce shi aka yi wa motar, a rabin awa zai ɗaura. Taufiƙ ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya yi dariya, ya ajiye.

"Maître," ya ce da shi, wato oga da Faransanci, "wannan ai faranti ne. Ka ajiye wa madam ta shanya kuɓewa."

Parfait ya ce to zai haɗa masa wani da siririn bututu, wanda ba zai wuce kilo talatin ba. Taufiƙ bai ma saurare shi ba, idonsa ya riga ya faɗa kan wani abu jingine da bango, baƙin ƙarfe mai kusurwa, kauri kamar na gada. Ya je ya dafa shi, ya bubbuga gefensa da tafin hannu yadda yake wa bijimi. Ya gwada ɗagawa ya kasa, fuskarsa ta washe.

Parfait ya bayyana masa cewa gindin tankin ruwa ne da wani ya sa aka yi bai dawo ba. Ya faɗa da Fulatanci, ya maimaita da Faransanci, ya juyo gare ni in faɗa da Hausa. Na faɗa. Taufiƙ ya ce abin da zai riƙe tankin ruwa ai kabad wasa ne gare shi, a yanke masa ƙafafu a ɗora.

"Alaji, ƙarfen zai ɗauka," in ji Parfait. "Rufin ne ba zai ɗauki ƙarfen ba."

Taufiƙ ya ce da ni wannan dabarar masu sana'a ce, suna so su kashe kayan da ya kwana musu. Parfait ya ɗaga kafaɗa ya jawo abin waldarsa.

Ranar Litinin kafin a ɗaura, sai ga shi a mayanka da mutum huɗu suna tura ƙarfen a kura. So yake a auna a gaban mahauta. Ya ce kilo ɗari da ashirin. Na rataya, allura ta tsaya a ɗari da goma sha takwas, ya juya yana karɓar gaisuwa kamar shi ya haifi ƙarfen. Ni kuwa na je inda ya ajiye motar a bakin mayanka, na buɗe aljihunta na ciro ɗan littafinta, wanda bai taɓa buɗewa ba. A shafi na ɗari da shida an rubuta cewa rufin ba ya ɗaukar fiye da kilo ɗari, har da nauyin galerin kansa. Na nuna masa, na ce tun bai ɗora ko tsintsiya ba ya wuce da goma sha takwas.

"Akawu," ya ce da ni, "Turawan da suka rubuta wannan sun taɓa zuwa Ngong?"

Da yamma na shiga wajen Dela na gaya mata lissafin kamar yadda yake. Ta ci gaba da juya waina. Daga baya ta ce ya riga ya shaida wa surukai da bakinsa cewa shi zai kawo kaya, in ta janye yanzu ba zai iya shiga Marwa ba har abada. Ta roƙe ni in bi su in riƙa sa masa ido.

Ranar Alhamis da hantsi aka yi lodi. Kabad ɗin na ƙiyasta shi kilo saba'in. Taufiƙ ya ga akwai sauran wuri, ya sa aka ƙara gado, da katifa, da buhun shinkafa biyu na gara, don kada galerin ya tafi rabinsa fanko mutane su raina shi. Dela da hannunta ta naɗe kabad da barguna uku. Muka tashi ƙarfe tara da kwata, shi a tuƙi, ni a gefensa, Dela da mata biyu masu jere a baya.

Kafin Pitowa motar ta fara rangaji a kowace kwana. Bayan Figil, inda hanya ta farfashe, na ji rufin yana ƙara, na ga yadin da ke samanmu ya sauko har yana taɓa hular Taufiƙ. Na ce ya tsaya mu sauke shinkafar mu ba motar haya. Ya cire hular ya ɗora a cinya, ya ce ƙarfe ne yake zama da kyau. Dela ta ce, "Taufiƙ, don Allah a hankali." Ya ce idan ya rage gudu za mu isa bayan la'asar, ba wanda zai gan mu.

Mun shiga Dugoi ƙarfe biyu saura minti goma, yana ta danna oda tun daga bakin layi. Mutanen gidan ango suka fito, mata suna guɗa. A ƙofar gidan akwai 'yar kwata da aka rufe da siminti, tudunta bai kai taƙi ɗaya ba. Tayar gaba ta hau, ta sauka, sai ƙafafun hagu na galerin suka yage bakin rufin suka nutse ciki. Kayan suka karkata gaba ɗaya. Igiya ta riƙe gadon da katifar, kabad ɗin ne ya zame ya bugi katangar surukai. Ko ta cikin barguna uku kowa ya ji ƙarar gilashin.

Guɗa ta tsaya. Muka nemi fita, ƙofofin hagu suka ƙi buɗuwa saboda rufin ya danne su. Ni da matan muka fita ta dama. Taufiƙ ya ƙi ya bi bayan mata ta kan kujera, ya zaɓi taga, babbar rigarsa ta maƙale, sai da ƙanin ango ya jawo shi ta hammata. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa, abin da ya fara yi shi ne ya nuna wa mutane galerin, ya ce su duba, ko lanƙwasa bai yi ba.

Dela ba ta dube shi ba. Ta durƙusa ta warware bargunan ɗaya bayan ɗaya. Ƙofofin biyu sun tafi, madubin ya rabu uku. Ta cire mayafinta ta shimfiɗa, ta riƙa tsince gilashin tana zubawa a kai don kada yaran gidan su taka. Haka aka yi jeren, an jingina kabad a kusurwa an rataya masa labule, matan dangin ango suna shiga suna ɗaga labulen suna saki.

Da muka dawo Garwa ya je mata da bayani, ya ce laifin mai kwatar ne, da Parfait, da hanya. Ta bari ya gama, sannan ta ce: "Ni na goya ka, na san nauyinka. Kada ka ƙara sa hannu a abin 'ya'yana." Tun daga ranar in ya gaishe ta takan amsa, ba ta ƙara komai. Auren ƙanwar Nasiha wata uku ya rage, kuma ta riga ta yi magana da mai albasa.

Motar tana nan ƙofar gida, rufinta a lotse, ta dama ake shiga. Galerin kuwa Hamadu ya sa aka kai masa, ya ɗora shi a kan bulo huɗu yana shanya kilishi. Jiya na wuce na tarar da Taufiƙ tsaye a wajen, yana bubbuga ƙarfen yana gaya wa wani mai saye cewa shi ya zaɓo shi da idonsa.